Duniya Ta Shigo Tukunyarmu: Abinci, Kiɗa Da Zane A Samaru Da Sabon Gari

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako, wani ɗan abu ne da ya faru a ƙaramar majami'armu da ke Jama'a, ranar sujadar godiya ta kaka. Kamar yadda aka saba, kowane gida ya fito da baikonsa ana waƙa ana taka rawa har gaban bagade. Da aka tashi, muka tsaya tare da dattawa muna lissafin abin da aka kawo: kwalayen Indomie, kiret na lemon kwalba, ƙullin dunƙulen Maggi, sabulu, buhun shinkafa, da 'yan kwanonin masara. Damin dawa guda ɗaya tak muka gani, gero kuwa ko zangarniya babu. Sai wata tsohuwa cikin Zumuntar Mata ta dube mu ta ce, “Malam, wannan girbin gona ne ko girbin kanti?” Aka yi dariya aka watse, amma tambayar Mama ta bi mu har gida.

Masu ilimi suna kiran wannan al'amari dunƙulewar duniya, wato yadda kaya da kuɗi da labarai da waƙoƙi suke ƙetare iyakar ƙasashe cikin sauri, har duniya ta zama kamar ƙauye ɗaya. To, mu nan Samaru da Sabon Gari ba a takarda muke karanta shi ba. Yana cikin miyarmu, yana cikin kiɗan sujadarmu, yana jikin zanen da matanmu suke ɗaurawa. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu ga ribar da muka ci da kuma hasarar da muka yi.

Garin da jirgin ƙasa ya haifa

Kafin mu zargi zamani, ya kamata mu tuna asalin wurin da muke zaune. Sabon Garin Zariya ya tashi ne bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso wajen 1911. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa suka zo daga ƙasar Yarabawa da ta Ibo, har da mutanen Saliyo da Gana, kowa da abincinsa da harshensa da kiɗansa. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna suna sayen gyaɗa da auduga da fatu. Har yau wurin da muke cewa PZ sunan kamfanin Paterson Zochonis yake ɗauke da shi. Samaru kuwa, tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922 ita ce ta fara tara mata jama'a, sa'an nan Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, malamai suka zo daga Ingila da Indiya da Amurka da sauran ƙasashe. Iyayen da yawa daga cikinmu aikin gadi ko kuku ko leburanci ne ya kawo su nan daga kudancin Kaduna, ko Filato, ko Bauchi, ko ƙauyukan Maguzawa. Ke nan cuɗanya da baƙi ita ce ta haifi garin nan tun farko. Abin da ya sake a yau shi ne sauri da yawa. A da baƙon abu sai ya shekara yana tafiya a jirgin ruwa da na ƙasa, yanzu kuwa tun da wayar hannu ta shigo a 2001, daga baya intanet ta biyo, kafin a ƙifta ido ya iso ɗakin yaranmu.

Abin da ke cikin tukunya

Da yawa cikin abincin da muke kira na gargajiya, baƙi ne da suka daɗe har suka zama 'yan gida. Masara, rogo, gyaɗa, barkono, tumatir da dankali duk daga nahiyar Amurka suka fito, sun shigo Afirka bayan shekara ta 1500. Shayin da muke sha kowace safiya asalinsa ƙasar Sin ne. Waken soya ma daga can ya zo, amma ga shi matan kudancin Kaduna sun daɗe suna yin daddawa da shi, awara kuma ta zama abin da ake soyawa a kowane lungu na Hayin Dogo da Palladan, har yara suna tsammani tun kaka da kakanni ake cinta. Wannan irin baƙo ya zo ya ƙara mana, domin mu muka shuka shi, mu muka sarrafa shi, kuɗinsa kuma a hannun matanmu yake tsayawa.

Akwai kuma wani irin baƙo. Dunƙulen Maggi wani mutumin Suwizalan mai suna Julius Maggi ne ya ƙirƙiro shi, ya shiga kasuwa a 1908. Farin magi daga Japan ya samo asali. Indomie daga Indunusiya take, ta fara shigowa Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa mata masana'anta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. A yau duk teburin mai shayi daga Kwangila har bakin ƙofar jami'a, akwai kaskon dafa ta da ƙwai. Ba mu musun amfaninta. Ɗalibin da ba shi da lokaci, ko uwar da ta dawo daga aiki da magariba ga tsadar gas da gawayi, cikin minti kaɗan ta kashe yunwar gida. Tuwon dawa kuwa sai an surfa, an kai inji, an tankaɗe, an tuƙa.

Sai dai a lura da inda kuɗin yake zuwa. Taliyar leda da burodi duk da alkama ake yin su, mafi yawan alkamar da Nijeriya take ci kuwa daga waje ake sayo ta da dala. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, abin bai ɗore ba aka janye a 1992. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu sayar wa duniya alkama, sai burodi ya yi tsada a Samaru, alhali yawancinmu ba mu san ko ta ina Yukiren take ba. Da darajar naira ta faɗi a 2023, sai abin ya ƙara muni. Haka muka gani da shinkafar waje sa'ad da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Gaskiyar Bahaushe da ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Gidan da ya manta da tuwo, cikinsa yana hannun mutanen da bai taɓa gani ba.

Dubi kuma mai daddawa. Aikinta ya fara daga itacen ɗorawa: a tsinko, a fitar da kalwa, a dafa ta kwana da yini, a sussuke, a wanke, a rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, a daka, a shanya. Da wannan sana'a gwauraye mata da yawa suka biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta. Daddawa tana gina jiki, dunƙule kuwa mafi yawansa gishiri ne, ga likitoci kullum suna yi mana gargaɗi a kan gishiri da hawan jini. Amma yarinyar yau tana toshe hanci in ta ji warin daddawa. In mai saye ya ragu, mai yi za ta daina; in ta daina, ɗorawa ta zama itacen gawayi kawai, kamar yadda muke gani a gonakin da ake yankawa filaye a wajen Bomo da Basawa.

Abin mamaki shi ne, abin da muke rainawa shi duniya take nema. Ana fitar da zoɓo zuwa Meziko, riɗi zuwa Japan da Sin da Turkiyya, citta daga Kachia da Kafanchan zuwa ƙasashe da dama. Acca da garin kuka da zogale ana sayar da su da tsada a kantunan Turai da sunan abincin lafiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin gero da danginsa, saboda suna jure fari. Nan ƙofar gidanmu kuma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta shekara da shekaru tana fitar da ingantattun irin dawa da masara da wake da gyaɗa, waɗanda sunayensu suke farawa da SAM, wato Samaru. Manoman wasu jihohi suna zuwa neman su, mu maƙwabta muna wucewa ta bakin ƙofar da ledar taliya a hannu.

In kiɗa ya sake

A kan kiɗa, mu masu bi muna da tarihin da ya kamata ya koya mana hankali. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya tun 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa a 1929, aka kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Waƙoƙin da aka fara koya wa kakanninmu fassara ce daga Turanci, muryarsu ta Ingila ce. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya, don haka sau da yawa kalma takan karkace domin ta bi karin baƙo. A wurare da yawa an hana ganga shiga majami'a, ana ganin kayan bori ce ko na tsafi.

Wa ya buɗe wa ganga ƙofa? Iyayenmu mata ne a gaba. Zumuntar Mata suka ɗauko tulu da ganga da kuge da caki, suka tsara waƙoƙi irin na bayarwa da amshi kamar yadda ake yi a dandali da wurin daka, suka zuba labaran Littafi Mai Tsarki a ciki. Ƙungiyoyin Sabon Rai Don Kowa, da suka fara a shekarun 1960, suka kai irin wannan kiɗa ƙauye-ƙauye. A ɓangaren Katolika, babban taron Batikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya ba da dama a yi sujada da harshen mutane da kiɗansu. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta haddace labarin Yusufu da na Rut ta wurin waɗannan waƙoƙi.

Yau kuma iska ta juya. Majami'a kome ƙanƙantarta tana tara kuɗin sayen kibod da jita da gangunan Turawa da manyan lasifikoki, sai kuma janareto da man da zai sha. Matasanmu suna kwaikwayon mawaƙan Amurka da Ostareliya da Legas daga YouTube, har da yadda suke riƙe makirfo. Mun sha ganin ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar yabo, ƙungiyar mawaƙa ta yi cirko-cirko, sai wata uwa ta jawo tulunta ta ba da waƙa, jama'a duka suka amsa. A cikin matasan da suke wurin, da ƙyar a sami biyu da suka iya buga tulun nan.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Barmani Choge mai kiɗan ƙwarya ta rasu a 2013, Ɗan Maraya Jos mai kuntigi a 2015. Waƙoƙin finafinan Hausa, da suka taso tun daga 1990, sun ɗauki salon Indiya da kiɗan kibod, har mai kalangu ya rasa gayyata a gidan biki, an maye gurbinsa da mai kwamfuta da lasifika. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna wannan kuka.

Amma kada mu manta, hanyar nan tana da zuwa tana da dawowa. Waƙar “Way Maker” ta Sinach, 'yar Nijeriya, wadda ta fito a 2015, an rera ta a majami'un Amurka da Turai da Asiya cikin harsuna da yawa. Mawaƙa irin su Panam Percy Paul da Jeremiah Gyang da Solomon Lange sun nuna cewa ana iya riƙe jita a yi yabo da Hausa, 'yan'uwanmu da ke Landan ko Amurka su saurara a waya su tuna gida. Zabura ta 150 ta lissafa kayan busa da na tsirkiya da na bugawa, ba ta ware ko ɗaya ba. Kibod ba shi da laifi. Laifin namu ne in muka bar shi ya kori tulu daga ɗakin sujada.

Darasin masu zanen Zariya

A fannin zane da gini, garin nan ya riga ya ba duniya amsa, mu ne ba mu sani ba. A 1958, wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu Turawa suna koya musu zane irin na makarantun Ingila. Su kuwa suka ce za su karɓi fenti da burushi da dabarun Bature, amma kowa ya koma garinsu ya tono zanen kakanninsa ya haɗa. Okeke ya ɗauko zanen uli na matan Ibo. Onobrakpeya ya zana tashoshin hanyar gicciye goma sha huɗu domin wata majami'a a Ebute Metta ta Legas a ƙarshen shekarun 1960, ya sa mutanen ciki da kamanni da tufafi irin na Nijeriya. Nwoko ya tsara ɗakin sujadar 'yan Dominikan a Ibadan, a 2023 kuma aka ba shi babbar lambar yabo ta masu tsara gini a birnin Benis na Italiya. An yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya, yau kuwa su ne ake koyarwa a makarantu.

Tun kafin su, Alhaji Abubakar Imam ya yi irin wannan aiki a nan Zariya da Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai, ya sa musu riga da hula, har mai karatu ba ya jin warin baƙunci. Maginan Zariya ma da suka ga keke da mota, sai suka sa su cikin adon bangon gidaje kusa da dagi. Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na birni da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarim, masana gini suna zuwa daga nesa su kalli bakan gizonsa. Majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki ta Wusasa da ƙasa aka gina ta, ginin Hausa sosai. A shekarun 1970 wani Ba'amurke mai suna Steven Ehrlich ya tsara wa jami'a dandalin wasan kwaikwayo na ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe. Baƙo ya ga darajar tubali, mu kuwa muna rushe soro mai sanyi mu kafa bulo da kwano, sa'an nan mu yi ta kuka da zafin watan Afrilu. Hotunan da muke ratayewa a majami'u ma, kalanda ce daga waje, ba mu taɓa tunanin kiran ɗalibin zane daga cikin 'ya'yanmu ba.

Tufafi ma haka. Atamfa asalinta kwaikwayon rinin Indunusiya ne da mutanen Holan suka yi, muka karɓe ta ta zama tamu, har aka kafa masaƙu a Kakuri ta Kaduna tun daga 1957, suna sayen audugar manoman Zazzau da Funtuwa. Da yadi mai araha daga Sin da gwanjo suka cika kasuwa, ga matsalar wuta, zuwa 2007 manyan masaƙun sun rufe. 'Yan'uwa da yawa a ikkilisiyoyinmu sun rasa aiki, manomin auduga ya koma masara. Masu ɗinkin hannu na birnin Zariya, masu aska takwas da aska biyu, suna fama da ɗinkin inji. Duk sa'ad da muka fitar da anko domin taron Zumunta, yana da kyau mu tambayi kanmu, a ina aka saƙa shi, wa kuma ya ci ribarsa.

Akwai wata gaskiya da za ta yi mana ɗaci. Da yawa cikinmu Bajju ne, ko Atyap, ko Ham, ko Ngas, ko Zaar. Hausa ce ta haɗa mu a sujada, amma a gidaje da dama ita ce ta haɗiye harshen kakanni. Yanzu ga Turanci yana yi wa Hausa abin da ta yi wa waɗancan: sujadar Turanci ta cika da matasa, ta Hausa ta zama ta tsofaffi. Mun riga mun san yadda harshe yake mutuwa, domin mun gani a ɗakunanmu.

To, ina mafita?

Ba za mu iya toshe hanyar Kwangila ba, ba kuwa za mu ƙwace waya daga hannun yara ba. Zamani riga ne. Amma Manzo Bulus ya gargaɗi Tasalonikawa su gwada kowane abu, su riƙe mai kyau. Daniyel ya koyi harshen Babila da iliminta, duk da haka ya san inda zai ja layi a kan abincin sarki. Isuwa kuwa ya sayar da gādonsa saboda kwanon fate ɗaya, domin yunwar sa'a guda. Ga 'yan shawarwari da muke ganin kowace ikkilisiya za ta iya, ba sai da kuɗi mai yawa ba.

Na ɗaya, a bikin aure da na suna da taron Kirsimeti, a sa tuwo da miyar kuka, da fate, da gwaten acca, da kunun zaƙi da zoɓo kusa da shinkafa da lemon kwalba, a kuma sayi daddawar daga hannun matan ikkilisiya. Na biyu, duk majami'ar da ke da fili ta dasa ɗorawa da zogale da kuka, manomanmu kuma su je cibiyar Samaru su nemi iri. Na uku, Zumuntar Mata su ɗauki 'yan mata da samari su koya musu tulu da ganga, a kuma ba waƙar gargajiya wurinta kowace Lahadi, har a sujadar Turanci. Na huɗu, wayar nan da muke kuka da ita, matasa su ɗauki muryar tsofaffinmu da ita, waƙoƙinsu da tatsuniyoyinsu da yadda ake dafa kalwa, tun suna da rai. Na biyar, in za a yi wa majami'a ado, a nemi masu zane da magina na gida.

Mun koma wurin Mama bayan mako biyu muka gaya mata cewa tambayarta za ta shiga jarida. Ta yi murmushi ta ce ita ba ta ƙi Indomie ba, jikokinta ma suna dafa mata, abin da take tsoro shi ne ranar da za a nemi mai tuƙa tuwon biki a rasa. Ta ce da tsohuwar zuma ake magani. Ta yi alkawari in Allah ya kai mu kaka mai zuwa za ta zo da ƙwaryar daddawa gaban bagade, mu kuma mun yi alkawarin damin gero, ko da saye za mu yi a kasuwar Samaru.

Ubangiji ya ba mu hikimar rarrabe tsaba da ƙaiƙayi, ya albarkaci gonakinmu da gidajenmu. Amin. Sai mun sake saduwa.